Kiwon tsutsa a gida har ta zama malam-buɗe-littafi

Da yawa daga cikin tsutsotsin da ke mutuwa a hannun masu kiwo, ganye ne ke kashe su. Galibi kowace irin tsutsa tana da shukar da take ci, kuma yunwa za ta kashe ta ba ta taɓa wani ganyen ba. Mai zanen baƙi da fari da rawaya da ake gani a jikin tumfafiya, tumfafiya take ci ko danginta. Ta bishiyar lemo kuwa, wadda tana ƙarama take kama da kashin tsuntsu kafin ta koma koriya, ganyen lemo take nema. Saboda haka ka lura da shukar da ka same ta a kai, daga nan za ka riƙa tsinko mata sabon ganye kullum. Kada ka kuskura ka ɗebo daga shukar da aka yi wa feshi, domin akwai maganin da ke shiga cikin jikin ganye, wanki ba ya fitar da shi. Maganin sauro ma, na fesawa ko na kunnawa, ya isa ya hallaka su a ɗaki guda. In tumfafiya kake tsinka, wanke hannu, ruwanta yana yi wa ido illa.

Mazubi ya kai tsayin santimita 20 zuwa 30, a rufe bakinsa da yadin gidan sauro maimakon murfi, a ajiye a inuwa. Biyu ko uku sun isa a mazubi ɗaya. Shimfiɗa takarda a ƙasa, ka canza ta kullum tare da kashin, don damshi da kashi su ne ke jawo cuta. Wadda ta yi baƙi ta yi laushi tana tsiyayar ruwa, cire ta nan take, a wanke mazubin da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9, a ɗauraye sosai. In ka tsoma reshe a kwalbar ruwa, toshe bakinta da auduga, in ba haka ba tsutsa za ta gangara ta nitse.

Wurin da mutane suka fi yin ɓarna shi ne lokacin saɓa. Tsutsa takan yi saɓa wajen sau biyar, kuma kafin kowacce takan daina ci ta lafe wuri ɗaya yini guda ko fiye. Lafiyarta ƙalau. Ta saƙa zare ta kafa ƙafafunta ne don ta zame tsohuwar fata, in ka ɗaga ta saɓar na iya gagararta.

Bayan kamar mako biyu zuwa uku za ta bar ganye ta shiga yawo, sai a sa mata busasshen tsinke ta hau. Ta tumfafiya takan rataye kai ƙasa, ta lemo takan ɗaure tsakiyarta da zare. Kwanson da ta koma yana da taushi da farko, a bar shi kwana 2 ba taɓawa. In ƙananan tsutsotsi ko wasu ƙwari suka fito daga ciki, ƙuda ko dangin zanzaro ne suka sa mata ƙwai tun tana waje, shi ya sa ɗauko ƙwan malam-buɗe-littafi ko 'yar ƙaramar tsutsa ya fi.

A yanayin ɗumi malam-buɗe-littafi kan fito cikin kwana 7 zuwa 14, galibi da safe. Dole ya sami sararin ratayewa na aƙalla santimita 10 a ƙarƙashinsa, domin in ya faɗi kafin fukafukai su miƙe, a lanƙwashe za su bushe, ba zai taɓa tashi ba. Ruwa ja-ja da yake ɗigarwa ba jini ba ne, ragowar datti ne. A ba shi awa 3 zuwa 4, sannan a sake shi da rana kusa da shukar da aka ɗauko shi, ban da lokacin ruwa ko iska mai ƙarfi.