Yadda na sallami direbanmu ɗan kwantiragi a kan giya

Ni manaja ne a wani gidan bulo nan cikin Katsina, can wajen hanyar Dutsinma, kuma cikin duk ayyukan da Alhaji mai gidan bulon ya ɗora mani babu wanda na tsana irin sallamar ma'aikaci. Lissafin siminti da yashi, rigimar masu bashi, duk da sauƙi. Amma ka dubi magidanci kace mashi daga yau babu aiki, wlh sai ka kwana kana juyi. To bara na yi wata sallama da har yanzu in mun zauna da masu irin sana'ata sai an tado ta, wasu suce na yi tsauri wasu suce ai na yi sanyi da yawa, shi yasa nace bari dai in faɗi yadda akayi.

Mun samu kwangilar kai bulo wani babban gini a Daura, direbanmu ɗaya ba zai iya ba, sai muka ɗauki wani na wata shidda, albashi duk wata ga kuɗin sawu. Ba zan kama sunanshi ba. Kawunshi ne ya kawo shi, dattijo ne da suka daɗe suna hulɗa da Alhaji, shi ya tsaya mashi. Yaron na da lasin, hannunshi na da kyau a sitiyari, Katsina zuwa Daura ta Mashi wajen kilomita 80 ne amma yakan yi sawu biyu a rana da motar ɗaukar kaya ƙirar kanta cike da bulo ba tare da ya fasa mana kaya ba. Ranar da zai fara na rubuta mashi takarda shafi ɗaya da Hausa, albashi nawa, wata nawa, da abubuwan da in yayi su kora ce nan take, ciki har da tuƙa motar kamfani cikin maye ko wane iri ne. Ya sa hannu kawun ya dangwala. Alhaji har dariya ya yi mani, yace Manaja kai dai da son takarda, mutumin da kawunshi ya kawo har sai an yi wani rubutu? Nace Alhaji ai doka ma cewa tayi cikin wata 3 da ɗaukar ma'aikaci a ba shi sharuɗɗan aikinshi a rubuce, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago. Yace to ai sai kayi.

Abin da na lura da shi daga baya shine kullum bakinshi da TomTom ko goro, kuma sawun yamma yakan yi latti, yace taya ce ko layin mai. Ko a mafarki ban kawo giya ba. Mu nan in akace giya hankali sai ya tafi kan baƙi, ko mami ta bariki, ɗan gida da muke sahu ɗaya da shi a masallacin bakin gareji kam sai dai a zarge shi da wiwi ko tiramol ko kodin ɗinnan da gwamnati ta hana tun 2018. Alhali giyar yanzu ba sai an je mashaya an zauna ba, tana zuwa cikin 'yar leda da ƙananan kwalabe da ke shiga aljihun gaba, irin waɗanda hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ta ce ta haramta a farkon 2024 amma wanda ke nema ya san inda zai samu.

Ranar da asiri ya tonu bayan isha'i ne, ya dawo daga Daura, maimakon ya shigo ta ƙofa kamar kullum sai ya kwashi ginshiƙin get ɗin da gefen mota, ya ja baya ya hau kan bulon da aka buga ranar ko bushewa bai yi ba, saura ƙiris ya take wani lebura da ke kwance kan buhunan siminti yana jin rediyo, Allah ne dai ya sa yaron ya yi tsalle. Baba maigadi ya kira ni a waya yana cewa Manaja taho maza, yaron ga ba lahiya ba. Ko da na iso an fito da shi, idanu jajir, yana magana harshe na karyewa, wari kam ba sai an gaya maka ba. Baba ya miƙo mani wata robar lemo da ya ciro ƙarƙashin kujera, da wasu ƙananan kwalabe biyu, ɗaya babu komai ciki.

Leburori sun yi dafifi, wasu har sun kunna kyamarar waya, wanda aka kusa takewa yana rantsuwa sai ya kira Hisba. Kuma fa ba wasa yake ba, tun 2000 ake shari'ar Musulunci a jihar nan, Hisba kuma gwamnatin Dikko Raɗɗa ta kafa ta da ƙarfinta, in an kira za su zo. Abu na farko da nayi na karɓe makulli na sa aljihu. Na biyu nace duk wanda ya ɗauki bidiyo ya goge a gabana, kuma in na ga abin nan a Facebook ko TikTok to wanda ya sa shi ma ya nemi wani wurin aiki. Na lallashi leburan, na ba shi haƙuri, nace haƙƙinka na wuyana ka bar mani zuwa safe. Sai na ɗauki hoton get da bulon da ya lalace da kwalaben, na rubuta lokaci da sunayen mutum uku da suka gani, na sa ɗan acaɓa da na sani ya kai direban gida. Ban ce mashi uffan ba a daren. Wanda ya yi mankas ko me kuka yi da shi gobe cewa zai yi bai san zancen ba, kai kuma cikin fushi kana iya furta abin da zai dawo maka.

Dalilin da yasa ban bari an kira Hisba ba, ba wai ina ganin giya ƙaramin abu bane, haddi ne, bulala 80 a mazhabarmu. Amma ni ba alƙali bane ba kuma ɗan Hisba ba, ni mai ba da aiki ne. Abin da ke tsakanina da shi mota ce da rayukan mutane da dukiyar Alhaji. Abin da ke tsakaninshi da Ubangijinshi kuma ba a ba ni ajiyarshi ba. Ga mata ga ɗiya ƙanana a unguwa, in bidiyo ya fita su za a riƙa nunawa da baki har su girma.

Da safe kafin ya zo na kira wani abokina lauya da muka yi makaranta tare, na zayyana mashi komai. Yace abu uku zaka kiyaye. Ka ba shi dama ya kare kanshi a rubuce kafin ka yanke komai, don in abin ya kai Kotun Ma'aikata farkon abin da za su tambaya kenan, an ji ta bakinshi? Sannan tunda kwantiragin wata shidda ne kuma bai ƙare ba, in ka kore shi haka kawai babu dalili a rubuce yana iya neman kuɗin sauran watannin. A ƙa'ida sashe na 11 cewa yayi wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba notis ɗin sati ɗaya ake ba shi, amma sashen bai hana sallama nan take ba in laifin babba ne, kuma tuƙi cikin maye babba ne ko a wajen 'yan rod sefti, balle ga shi cikin takardar da ya sa wa hannu. Na ukun shine wanda ya haɗa ni da Alhaji, yace kada ku taɓa mashi albashin kwanakin da ya riga ya yi.

Don Alhaji da ya zo ya ga get ɗin cewa yayi ko sisi kada a ba shi, a cire kuɗin walda da na bulo, in ma bai isa ba kawun ya cika. Nace Alhaji Allah ya huci zuciyarka, sashe na 5 ya hana mai aiki ya yanki albashi da sunan tara, ko ɓarna ma'aikaci yayi sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a cire, mu kuma in muka riƙe kuɗin nan mun ba shi abin da zai kai ƙararmu da shi, mai laifi ya koma mai gaskiya. Ya yi ta faɗa, yace dokar Nasara ce, nace to ko a Musulunci ai guminshi ne. Da ƙyar dai ya yarda, ya shiga mota ya tafi kasuwa ya bar ni da aikin.

Wajen ƙarfe goma ya iso shi da kawun, na sa Baba maigadi ya zauna a matsayin shaida, na rufe ofis. Na miƙa mashi takardar tuhuma da Hausa, layi kaɗan ne, ranar kaza da ƙarfe kaza ka tuƙa motar kamfani cikin maye, ka lalata kaza da kaza, ka kusa take wane, ka yi bayani. Sai yace Yallaɓai wlh ba giya bace maganin basir ne, wani a tasha ya ba shi don zaman mota na tada mashi da shi. Kuma kun san abin na da kama da gaskiya, don da yawa cikin magungunan ɗacin nan na kwalba da ake cewa na basir ko na ƙarin kuzari barasa ce zalla aka jiƙa saiwoyi ciki, akwai direbobin da da gaske da sunan magani suka fara. Na ɗauko kwalbar na nuna ma kawun inda aka rubuta yawan barasar da ke ciki, sama da kashi 30 cikin 100, nace Baba ko magani ne, wanda ya sha wannan bai kamata ya riƙe sitiyari ba, kuma in magani ne me ya kai shi cikin robar lemo? Shiru. Can sai ya fashe da kuka yace ya fi shekara yana sha, tun yana tuƙin dogon zango zuwa Kudu, yana so ya bari ya kasa.

Dattijon nan ya cire hula ya riƙe a hannu, yace Manaja ka rufa mana asiri yadda Allah ya rufa maka, a yi mashi gargaɗi na ƙarshe, ni zan sa ido a kanshi. Nan ne wurin ya yi mani nauyi. Nace Baba asiri kam a rufe yake, ba Hisba ba 'yan sanda ba bidiyo. Amma makulli ba zan mayar mashi ba. Da mai buga bulo ne ko mai loda yashi da sai in ja mashi kunne in ba shi wata dama, to amma kanta ce cike da bulo, hanyar Mashi ranar kasuwa ga 'yan makaranta ga masu babura ga amalanke, in ya kashe ɗan wani bayan na san yana sha, me zan ce ma iyayen, me zan ce ma Allah? Daga baya limaminmu ma ya zo roƙo, matar ta kira ni a waya tana kuka, duk amsar ɗaya na ba su.

A takardar sallamar ban rubuta mashayi ba, ban rubuta fasiƙi ba, ban jawo aya ko hadisi ba. Na rubuta abin da ya faru, da sharaɗin da ya karya, da cewa an ba shi dama ya yi bayani kuma ya amsa. Na lissafa mashi albashin kwanakinshi da kuɗin sawun da yake bi har na ranar da abin ya faru, na tura ta banki don a samu shaida, ya sa hannu kawun ya dangwala Baba maigadi ya dangwala. Na gaya ma kawun a keɓe cewa wannan abu ciwo ne ba a barinshi da faɗa kawai, su gwada zuwa asibiti ko sashen ba da shawara na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi NDLEA, kuma wanda ya daɗe yana sha sosai in ya yanke lokaci ɗaya yana iya kamuwa da karkarwa har da farfaɗiya, gara likita ya san da zancen.

Wanda ya fi ba ni haushi ma yaron motarshi ne. Da na titsiye shi yace ai ya daɗe da sani, har shi ake aike ya sayo a hanya, wai tsoro yake kada ogan nashi ya sauke shi ya ɗauki wani. Shi ban kore shi ba, yaro ne, amma tun daga nan duk yaron motar da muka ɗauka ni ke biyanshi kai tsaye ba direba ba, kuma ya san lambata. Makulli kuma yanzu a hannuna ko hannun Baba ake karɓa da safe a mayar da dare, fuska da fuska, a gaisa a ɗan yi hira, minti ɗaya ya isa ka gane halin da mutum ke ciki. Leburan da aka kusa takewa Alhaji ya ba shi wani abu ya sayi sabuwar rediyo, tashi ta mutu ƙarƙashin taya.

Bayan kamar wata biyu wani mai gidan ruwan leda ya kira ni, yace wane ya zo neman aikin direba yace ya yi aiki wurinku, ya kake ganinshi? Na ɗan yi jim, don ga alƙawarin rufin asiri da na yi ma kawun, ga kuma mutum ya nemi shawarata a kan abin da ya shafi rayuka, kuma malamai sun ce wanda aka nemi shawararshi amana aka ba shi. Nace mashi yaron ba ɓarawo bane, ko bulo ɗaya bai taɓa ɓata a hannunshi ba, kuma ba shi da ƙiwuya, in kana da aikin sito ko lodi ka ba shi. Amma kada ka ba shi mota yanzu. Yace me ya faru? Nace ka tambaye shi da kanka, in ya gaya maka gaskiya to alama ce mai kyau. Ya ɗauke shi a sito, albashin bai kai na tuƙi ba, kuma har yau kawun in mun haɗu wurin ɗaurin aure gaisuwar sama-sama yake mani.