TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 7: AKUYAR KAWU

Assalamu alaikum jama'a, a yi min afuwa wannan satin na makara, zazzaɓi ne ya ɗan kwantar da ni amma Alhamdulillah da sauƙi. Wancan satin na tsaya ne a inda na buɗe ɗan shagon POS ɗina a bakin babbar kasuwa da kuɗin adashen Inna, toh bari mu ɗora.

Duk wanda ya yi sana'ar POS a watan Fabrairun 2023 lokacin canjin kuɗi ba sai na ba shi labari ba. Layi tun bakwai na safe, netwok ya ɗauke, wannan na zagi wancan na roƙo, kai kanka ba ka san inda za ka samo tsabar kuɗin gobe ba. Wata Talata wani dattijo ya miƙo min dubu biyar in tura wa ɗansa, ina danna lambobi ina amsa wani da ke min ihu ta taga ga WhatsApp na ta ƙara, kawai na ƙara sifili ɗaya. Dubu hamsin! Sai da dare wajen lissafi na gano. Yaron dai ya maido talatin bayan sati biyu, sauran har yau ana kan "insha Allahu".

Kuma gsky ba wannan ne na farko ba, shi ne dai babba. Lokacin kaina kamar tashar mota yake. Barci sai biyun dare ina kan waya ina kallon abin da ko minti ɗaya ba zan tuna ba, salla kuwa kullum cikin ƙabli da ba'adi nake, in kabbarta a masallacin unguwarmu a Mabera amma zuciyata na kasuwa tana ƙirga canji.

Inna ce ta tura ni wajen Kawu, wai in je in gaishe shi, ashe sun riga sun gama magana. Kawu baduku ne, can cikin gari wajen Hubbaren Shehu yake, ɗan Ƙadiriyya ne na gidi, mutum ne da zai zauna kan fata ɗaya tun hantsi har azahar bai ɗaga kai ba. Na durƙusa na gaishe shi, muna magana hannuna na kan waya ban ma sani ba. Ya dube ni ya ce "kai wanga yaro mi ka damunka? Tun da kaz zo kana nan amma ba ka nan. Aje wayag ga." Na ba shi labari tas, ina jiran ya ce ga rubutu ko ga laya. Sai cewa ya yi "gobe in ka yi asuba kak ka tashi, zamna nan inda kake, riƙe tasbaha ka yi istigfari sannu sannu kana jin abin da bakinka ka hwaɗi, har rana ta hito."

Wallahi na raina abin. Washegari na zauna, ko istigfari goma ban kai ba na tsinci kaina ina lissafin bashin mai shinkafa, na dawo, na sake tafiya wajen wata rigima da muka yi da wani tun muna sakandare, ƙafa ta yi tsami, sauro na cizo, minti biyar kamar shekara. Kwana uku na koma na ce Kawu ni fa ba zan iya ba, kaina ba ya tsayawa. Ya yi dariya har da ajiye basilla, ya nuna min jar akuyarsa da ke ɗaure a turke ya ce "waccan in ta ja igiya bugunta ni kai? Jawo ta ni kai. Ko sau ɗari tat tahi sau ɗari ka maido ta, maidowag ga ita ce aikin." Ni da a zatona sai kai ya zama wayam babu tunani ko ɗaya sannan an yi nasara, ashe duk sanda na farga na tafi na dawo, a nan ne abin ke shiga jiki.

Akwai abokina ma'aikacin jinya da muke shan shayi tare a Gawon Nama, da na ba shi labari sai ya ce ai Turawa ma suna da irinsa, mediteshan suke ce masa. Ya ce wani masani a Amurka mai suna Jon Kabat-Zinn ya fara koyar da shi a asibitin jami'ar Masacusets a 1979, shiri ne na sati takwas ga masu ciwon da ya daɗe da masu yawan damuwa, asalinsa daga mabiya Buddha ya ɗauko ya cire ɓangaren ibadar. Nan na ɗan ja baya, na ce ni da ke da Suratur Ra'ad aya ta 28 mai cewa da ambaton Allah zukata ke natsuwa me zai kai ni can. Ya ce to ɗauki numfashin kawai ai ba na kowa ba ne, ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake ta a hankali kana ƙirga shida, don in fitar numfashi ta fi shigarsa tsawo bugun zuciya na raguwa jiki ya saki. Ya kuma ja kunnena cewa in damuwa ta kai mutum ba ya ci ba ya barci kwana da kwanaki, asibiti ne, kar a tsaya wasa.

Haka na haɗa biyun, numfashi kamar sau goma sannan tasbaha. Azumi ya shigo ƙarshen Maris, kun san zafin Sakkwato a Afrilu sama da digiri 40, amma zaman nan na bayan asuba ya zama abin da nake ɗoki, daga minti biyar har na kai ashirin ban sani ba. Bashi bai biya kansa ba, netwok bai gyaru ba, amma a shago na fara lura da kaina, kafin in danna tura sai in ja numfashi ɗaya in karanta lambar da ƙarfi kwastoma na ji, in wani ya zage ni sai in ji zafin na tasowa tun daga ƙirji kafin ya iso baki, in samu ɗan sararin yin shiru. Waya na daina shiga da ita gado, a falo take kwana. Inna da kanta ta ce yanzu in ana min magana ina kallon mutum.

Ana saura kwana huɗu salla, da la'asar sakaliya, wata mata ta zo da mota mai baƙin gilas ta nuna min alat na dubu ɗari biyu a wayarta tana ta hanzari wai za ta yi cefanen buɗa-baki. Har na buɗe durowa na fara ƙirga kuɗin, sai na tsaya na ja numfashin nan, na ce Hajiya ɗan dakata in duba nawa ɓangaren. Yadda fuskarta ta canja da abin da ya biyo baya har muka kwana ofishin 'yan sanda, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.