Ba a kai wa mai takaba atamfar biki

Shekarata 9 ke nan a Ingila, 6 daga ciki ina aiki a sashen talla na wani kamfani da ke sayar da labule da zannuwan gado da sauran kayan ɗaki a Mancesta. Sau huɗu a shekara muna buga littafin hotunan kaya mai sheƙi, mu aika ta gidan waya zuwa duk wani adireshi da ke cikin kwamfutarmu, ban da ƙananan takardun talla da ake zurawa ta kafar ƙofa gida-gida. Haka na tarar ana yi, haka na ɗora. Idan ciniki ya ja baya, maganin da muka sani shi ne a ƙara buga takarda.

Ana saura mako biyu in taho gida, wata wasiƙa ta iso teburina, rubutun hannu. Wata dattijuwa ce. Ta ce mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, amma har yau littafinmu yana zuwa da sunansa, kuma duk ranar da ta tsince shi a bakin ƙofa sai mutuwar ta dawo mata sabuwa. Roƙonta ɗaya, mu daina. Na miƙa wa mai kula da jerin sunaye, na ce a goge, na koma kan lissafin tsaraba.

A watan Agustan 2023 na sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, rabona da gida tun 2018, cutar korona da sha'anin takardu sun riƙe ni. Damina ta yi nisa. Hajiya ta tsufa fiye da yadda waya ke nuna mini, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta ce komai ba. 'Ya'yan Yayata biyu da aka haifa bayan tafiyata suka laɓe bayan labule suna leƙen Kawun Turai. Kwana uku ban san inda kaina yake ba, daga masu zuwa sannu da zuwa sai zagayen gaisuwar rasuwowin da aka yi ba na nan.

Da ƙura ta lafa na fara lura da sana'ar Yaya. Kunun aya take yi da zoɓo a gidanta da ke Gwammaja. Wanda ya san kunun aya ya san ba shi da haƙuri: in babu sanyi, wuni guda ya ishe shi ya yi tsami, wuta kuwa sai ta ga dama take zuwa, ƙanƙara kuma da kuɗi ake saye. Don haka Yaya ba ta jiƙa aya sai ta san bakin da zai sha. Bayan la'asar take sa hoto a sitatus ɗinta na WhatsApp, ta rubuta cewa gobe akwai, mai so ya faɗa kafin isha'i. Da an yi isha'i ta ƙirga, ta auna ayar daidai oda, ta jiƙa. Da asuba a kai niƙa, a tace, a haɗa da dabino da kwakwa da citta, a ɗura, a jera a kula. Dusar da ta rage ta tumakin maƙwabta ce. Kafin azahar babu ko gora ɗaya a gidan.

Kai kayan ma da tsarinsa. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu na shekarar, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin adaidaita sahu ya bi ta. Sai Yaya ta daina aiken yaro sau biyar a wuni. Mai adaidaita ɗaya ta riƙe, ya zo sau ɗaya ya ɗauki kular, ya bi gidajen a jere, a dawowa kuma ya karɓo gorunan jiya. Duk wadda ta dawo da gorarta ana rage mata wani abu a kuɗin na gaba.

Da na gama kallon wannan duka, abin da na gani shi ne ƙaramar sana'a da ke buƙatar girma, ga shi kuma ni ne na karanta talla. Na ce, "Yaya, mutum nawa ne ke ganin sitatus ɗin nan? Bari in biya miki talla a Facebook, dubbai su gani." Ta ce, "To Auta, kai ne ɗan boko." Na ɗauki hoto mai kyau, na rubuta kalmomi masu jan rai, na biya da katina. Wajen zaɓen inda tallar za ta kai, na buɗe ta har Kaduna da Abuja, don ido na a kan yawan masu gani yake.

Saƙonni suka yi ta shigowa har wayarta ta riƙa ɗaukar zafi. Mafi yawa daga garuruwan da kunun aya ba zai kai da rai ba. Wasu farashi kawai suke tambaya su ɓace. Cikin na Kano, da yawa suka ce a ajiye musu. Yaya, saboda kunyata, ta karya dokarta ta jiƙa aya ninki biyu ba tare da an tura kuɗi ba. Washegari rabin masu odar ba su ɗaga waya ba. Wutar ma ba ta zo ba. Da magariba ina tsaye ta buɗe kular, warin tsami ya bugo mu. Ta raba wa almajirai abin da bai juya ba, sauran ta tuttular a kwata. Ba ta ce mini uffan ba, da na miƙa kuɗin asarar ma ƙin karɓa ta yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne guminta: tun asuba take tsaye.

Da daddare muna zaune a tsakar gida, Hajiya ta ji labarin. Ita shekara da shekaru ta yi tana dillancin atamfa da leshi, tana saro su a Kantin Kwari tana shiga da su gidajen matan kulle, da wannan ta biya mana kuɗin makaranta bayan rasuwar Baba. Ta ce, "Auta, ka taɓa ganin na fita da ƙunshi ya fi turmi huɗu ko biyar?" Na ce a'a. Ta ce ai kafin ta ɗaura mayafi ta san gidan da za ta. Ta san gidan da aka kawo kuɗin gaisuwa, to lefe na tafe. Ta san mai cikin da ya tsufa, to akwai fitar suna. Ta san wadda za ta kwashi adashi ƙarshen wata, da wadda mijinta ya yi asara a kasuwa, wannan gaisuwa kawai za a shiga yi mata a fito, kayan ma a bar su a zaure don kada ta ga abin da zai sosa mata rai. Ta san mai son shuɗi da wadda ba ta ɗaura ja. Sannan ta ce, "Ba a kai wa mai takaba atamfar biki. Ka wahalar da ƙafarka, ka ɓata mata rai, kuma ba za ta saya ba."

Nan take wasiƙar dattijuwar nan ta faɗo mini. Na ba Hajiya labari. Ba ta tambayi komai game da kamfani ba, cewa ta yi, "Kun yi mata ta'aziyya?" Na ce mun dai goge sunan. Ta girgiza kai, ta ce, "Shekara uku kuna ƙwanƙwasa mata ƙofa da sunan mamaci, ta yi magana, ko Allah ya ba ki haƙuri ba ku ce ba?"

A daren nan na daɗe ban yi barci ba. A wurin aikinmu, in ana maganar kare muhalli, abin da muke tattaunawa shi ne irin takardar da za a buga littafin a kai, da tawadar da ba ta da guba, da ɗan hoton ganye da za a manna a bango. A kan kalmomi ma muna taka-tsantsan, domin tun Satumban 2021 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta fitar da ƙa'idoji kan iƙirarin kare muhalli, kuma hukumar sa ido kan tallace-tallace ta hana wasu tallolin bankin HSBC a Oktoban 2022 da na kamfanin mai na Shell a Yunin 2023 saboda sun nuna ɓangaren alheri sun ɓoye sauran. Duk wannan yana da amfani. Amma ba mu taɓa tsayawa mun tambayi kanmu littafi nawa ne ke zuwa gidan wanda ya tashi, ko ya rasu, ko ya sayi labule sau ɗaya shekara takwas da suka wuce bai sake waiwayarmu ba. An sare itace, an buga, an naɗe a leda, mota ta ƙona mai ta kai, daga bakin ƙofa ya wuce kwandon shara ba a ko buɗe shi ba. Ko da takarda mafi tsafta a duniya aka yi shi, almubazzaranci ne. Kuɗin da muke asara da dattin da muke tarawa daga rami ɗaya suke fitowa, wato rashin sanin wanda muke yi wa magana.

Kada wani ya ɗauka ina cewa gida ya gama gano bakin zaren. Duk wanda ya bi lungunan Kano da damina ya ga yadda baƙar leda da ledar fiyawata ke toshe magudanan ruwa har ya shiga gidaje, kuma mahauta sun san abin da suke cirowa daga tumbin akuya. Ka sayi tumatir leda, attaruhu leda, a haɗa su a saka a wata ledar. Ruwanda ta haramta ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017. A Ingila kwabo 5 kacal aka ɗora wa kowace leda a manyan kantuna a Oktoban 2015, aka mayar da shi 10 a duk shaguna a Mayun 2021, yanzu har ni da jakata nake zuwa cefane. Gorunan da ake ɗura zoɓo ma akwai abin dubawa, don wasu daga bola ake tsinto su, a ɗauraye sama-sama. Yaya dai nata take karɓowa ta wanke da ruwan zafi da sabulu, wadda ta ƙoƙe ta tara wa 'yan gwangwan. Kuma in ka tambaye ta, ba za ta ce maka don muhalli take yi ba, cewa za ta yi gora ta yi tsada. Da farko na raina wannan dalili. Yanzu ina ganin shi ne ma ya fi ɗorewa, domin abin da aljihu ke goyon bayansa ba ya jiran mai wa'azi.

Da na koma aiki a Satumba, abin da na fara yi shi ne rubuta wa dattijuwar wasiƙa da hannuna, na ba ta haƙuri, na yi mata ta'aziyya. Sannan na nemi a ba ni jerin sunayen gaba ɗaya. Birtaniya na da rajistar da iyalai ke sa sunan mamaci don a daina aiko masa da talla, ana kiranta The Bereavement Register, akwai kuma Mailing Preference Service ta waɗanda ba sa son takardun talla daga kamfanonin da ba su san su ba, gidan waya kuma na da bayanan waɗanda suka sauya gida. Duk muna da ikon tace jerinmu da su, mun dai yi sakaci ne. Muka tace. Muka ware waɗanda suka haura shekara uku ba su sayi komai ba, aka aika musu ɗan kati guda: in kuna son littafin ku faɗa, in ba mu ji daga gare ku ba za mu daina.

Shugaban sashenmu bai so ba. Tsoronsa, kuma ba tsoron banza ba ne, shi ne jeri in ya ragu masu kamfani za su ga kamar kasuwa ce ta ragu. Sai da muka yarda a gwada a yanki ɗaya na zango ɗaya. Kuɗin ɗab'i da na gidan waya ya sauka sosai, ciniki kuwa bai motsa ba, domin waɗanda muka cire dama ba sa saye. Daga nan wani abokin aiki ya kawo shawarar a riƙa tura wa duk waɗanda aka cire saƙon imel kullum, tunda shi kyauta ne. A nan na tsaya kai da fata. Ba kyauta ba ne, manyan rumbunan kwamfuta da ke ɗauke da saƙonnin nan lantarki suke sha dare da rana, dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Mayun 2018 ma ba ta bar ka ka yi ta damun wanda bai amince ba. Ko babu doka, na riga na ga wayar Yaya tana zafi da saƙonnin da ba su kawo ko sisi ba.

Abu ɗaya na bar wa Yaya da ya yi mata amfani, shi ma ƙarami. Kafin in taho muka zauna da littafin makaranta na ɗanta, muka jera masu sayenta unguwa-unguwa, 'yan Kurna da Rijiyar Lemo rana ɗaya, 'yan Fagge da cikin gari wata ranar, don mai adaidaita ya daina zagaye. Sabuwar mai saye kuma sai ta tura kuɗi kafin a jiƙa mata aya. Yawancin sababbin ma tsofaffin ne ke kawo su, wata ta sha a gidan suna ta tambayi wa ya yi.

Bayan wata biyu da komawata, ranar wata Juma'a muna waya da Hajiya, mun gama gaisawa har zan kashe, sai ta ce, "Auta, matar nan fa?" Na ce na rubuta mata, har ta ba da amsa, ta ce ta gode, kuma in an buga littafin hunturu a aiko mata da sunanta ita, tana son sauya labulen ɗakinsu. Hajiya ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To ka tabbata an rubuta sunan daidai."