Ɗakin Inna ya yi ɗumi

Wallahi sanyin hunturun bana a Maradi ne ya sa na zauna na haɗa ma Inna hita mai kunna kanta da kashe kanta, don garwashi cikin ɗaki rufe kisa yake, tsoron shi nike. Tarmosta, wato na'urar da ke auna zafin ɗaki, na kan volt 12, ita ke taɓa rele, wato makunnin da wuta ke kunnawa, shi kuma ya saki wutar volt 220. To hitar wat 2000 ce, wajen ampa 9 kenan, ƙaramin rele mai ampa 10 sai ɗaukar zafi yake, dole na sa kontakta, wato babban rele mai jure wuta da yawa, tsakani na sauya waya mai kauri milimita murabba'i 2,5. Diyod ma, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, na ɗaura kan kwayil ɗin rele, wato naɗin wayar da ke cikin shi, kar kwayil ɗin ya ƙone taransista, ɗan makunnin da ke kunna relen. Da asuba Inna ta ce "ɗan nan yau na yi barci, Allah shi maka albarka".