Laraba: allurar Yaya

Zafin Sakkwato yau ba a cewa komai. Wuta ta tafi tun asuba, Abba ya ƙi zuwa Islamiyya sai da na ɗauko bulala.

Bayan la'asar Yaya ta biyo ta gidanmu daga wurin likita. Kun san yadda hannun nan nata na dama ya daɗe yana ba ta wahala. Da ta ɗaga shi tana kitso sai ƙaramin yatsa da na kusa da shi su mutu, kibiya ta suɓuce mata. Ta ce likita ya sa ta ɗaga hannu biyu sama kamar wadda 'yan sanda suka tare, tana buɗe yatsu tana dunƙulewa har minti 3. Ko rabi ba ta kai ba hannun ya yi nauyi.

Ashe ciwon ba a hannu yake ba. Tsakanin ƙashin da ke ƙasan wuya da haƙarƙari na farko akwai wata matsattsiyar hanya, ta nan jijiyoyin da ke sauka hannu suke bi. In tsokar gefen wuya ta ɗaure sai ta danne su. Likitan ya ce a fara da motsa jiki na asibiti, in bai yi ba akwai allurar Botox.

Inna na kan tabarma tana gyaran zogale. Da aka ce mata maganin daga dafin wata ƙwayar cuta ake samo shi, irin wadda ke yaɗuwa a abincin gwangwani da ya lalace, sai ta ajiye faranti.

"Ke ɗiyar nan, dahi za a tsira miki ga wuya? Mi ya yi zahi?"

"Inna, ɗan mitsitsi ne. Tsokar kawai yake sa ta saki."

Gaskiyar Yaya. Yana hana saƙon jijiya isa ga tsokar, sai ta kwanta. Ana kallo a na'urar sikanin lokacin da ake tsirawa don kada allura ta kauce, wurin cike yake da jijiyoyin jini. Wajen wata 3 aikinsa ya ƙare, wasu kuma haɗiyar abinci kan yi musu wuya na ɗan lokaci. Duk Yaya ta haddace, tana zubawa tana dariya, har ta fara lissafin amaren bayan Sallah.

Ni kuwa da dare na shiga waya, kuma abin da ya hana ni barci ke nan. A 2011 an yi gwaji a Kanada da mutum 38 masu wannan ciwon, wasu aka yi musu Botox, wasu ruwan gishiri zalla. Wajen raguwar ciwo ba a ga wani bambancin kirki ba. Mutum 38 ba yawa, na sani, kuma akwai likitocin da ke yin allurar don su gane ko tiyatar cire haƙarƙarin za ta yi amfani. Amma Yaya ba haka ta ɗauka ba, ita waraka ta ji. Kuma kuɗin daga adashinta zai fito.

Na rubuta mata saƙo na goge. Baban Abba ya ce in bar likita da aikinsa. Shi komai a bari.

Gobe tana da kitson amarya a Mabera, ta ce sai ta je.