Robar kan farfela: ku saurare ni kafin ku saya mai tauri

Ɗan ƙanwata ne ya shigo shagona a unguwar Aboabo da ke Kumasi ranar Asabar, jirginsa mai saukar ungulu na rimot a hammata, waya a hannu. Ko zama bai yi ba ya ce, "Kawu, damfa 90 zan yi oda. Wannan da ke ciki ta yi laushi, jirgin ba ya jin magana." Yaron da bai kai ga tsayar da jirgi yana fuskantarsa ba tare da hannunsa na rawa ba, shi ne ke neman roba mafi tauri. Na karɓi jirgin na kama riƙon fukafukin na girgiza. Lafiyarta ƙalau. Na ce masa ya bar ta. Ya ce ai a bidiyo duk ƙwararru mai tauri suke sawa. Wannan maganar ce ta hana ni sukuni, don ni ma na taɓa faɗarta, kuma na biya kuɗinta.

Ga wanda bai sani ba, a cikin kan farfela akwai wata sandar ƙarfe da ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, ita ke riƙe da fukafukai biyu. Ba a ɗaure ta kam da kan ba. Tana zaune ne a cikin 'yan zobban roba, ɗaya ko biyu a kowane gefe, su ne muke kira damfa. Aikinsu su bar sandar ta ɗan lanƙwasa sama da ƙasa idan iska ta bugi fukafukai ko ka ba jirgi umarnin karkata. Ana auna taurinsu da ma'aunin Shore, shi ya sa za ka ji ana cewa 70, 80, 90. Ta 70 kusan taurin tayar mota ce. Ta 90 da ƙyar farce ke shiga. Bayan su kuma akwai ta farin leda mai tauri da ake kira Delrin, wadda kusan ba ta motsi sam. Mai laushi tana sa jirgi ya amsa a hankali, ya yafe wa hannunka kuskure. Mai tauri tana isar da umarni nan take, tana kuma isar da duk wata girgiza da duk wani kuskure nan take.

Jirgina na farko T-Rex 450 ne, na kamfanin Align da ke Taiwan, irin mai sandar daidaito, wato siririyar sanda da ke juyawa tare da farfela tana daidaita jirgin, kafin na'urorin lantarki su maye gurbinta. Wani abokina da ke zaune a Jamus ya kawo mini shi da ya zo hutu. Ina gyaran rediyo da talabijin tun ina yaro, don haka na ɗauka babu wani abu mai waya da mota da zai gagare ni. Da asuba bayan salla nakan tafi wani filin ƙwallo a bayan gari kafin yara su zo, in yi ta ɗaga shi daidai ƙirji ina saukewa. Da na fara iya zagaye, sai na ga kamar jirgin yana jinkirin bin yatsana. Gaskiya jinkirin a yatsan yake. Amma a lokacin ban yarda ba, kuma ko yanzu ina ganin ba laifina ne kaɗai ba. A duk Kumasi ban san mutum ɗaya da zan tambaya ba. Sai in biya kuɗin awa a shagon intanet in karanta Turancin da rabinsa kawai nake ganewa, duk kuwa masu maganar mutanen da ke juya jirgi ƙafa a sama ne.

Da na ji an ce tauri ne sirrin, ban ma tsaya a 80 ba. Oda daga waje takan ɗauki makonni, wani lokacin kayan su ɓata a hanya. Sai na ɗauki tsohuwar robar na tafi Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera a nan Kumasi, na sa wani mai injin sassaka ya fitar mini da irinta daga guntun leda mai tauri. Ya yi aikinsa daidai yadda na ce, ni ne na ce ya ƙara kauri kaɗan don ta matse sosai. Na dawo na buga ta ciki da ƙarfi, ba giris, ba roba ko ɗaya a bayanta. Ina alfahari a ranar. Har yanzu ma ba na jin kunyar cewa na nemi mafita da hannuna a garinmu maimakon in zauna jiran jirgin ruwa. Abin da na kasa shi ne tunanin sauran jirgin.

Ga abin da ban sani ba. Damfa mai tauri tana son farfela mai gudu. Jirgi mai girman 450 yakan yi zagaye wajen 3000 a minti idan ana son a yi wasa da shi sosai. Ni kuwa na rage gudun nawa ƙasa da haka nesa, don batir ɗin da nake da su kaɗan ne, ina so kowanne ya daɗe a sama. Gudu kaɗan da kai mai tauri ba sa zama tare. Ina ɗaga shi sai ya fara gyaɗa kai, gaba da baya, wutsiya na rawa, kamar aboboya, babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, da ta hau hanyar da ruwa ya cinye ba ta da sifirin. Da na mayar da tsohuwar robar a ranar, da magana ta ƙare. Ban mayar ba. Na ce jairo ne ya lalace, wato na'urar da ke hana wutsiya juyawa da kanta, na sayi wani. Na ce 'yan injinan da ake kira servo, masu tura farantin da ke karkata fukafukai, su ne suka gaji, na canza duka uku. Na sayi fukafukan kabon. Duk wannan kuɗin daga akwatin shago ya fito, kuɗin da ya kamata in sayi kayan gyara da shi, kuma mai ɗakina ta sani, ta yi shiru. Wannan shirun ya fi faɗuwar jirgin yi mini ciwo.

Faɗuwar ta zo a cikin hunturu. Iska ta ɗan taso, jirgin na gyaɗa kai, na tsorata na sauke shi da sauri a kan ƙasa mai tauri. Ƙafa ɗaya ta riga ɗaya taɓawa, kan da ba shi da inda zai shanye bugun ya mayar da shi jikin jirgi gaba ɗaya, ya kife. Sandar tsakiya ta lanƙwashe, babban giya ya zubar da haƙora, boris ɗin riƙon fukafuki suka fashe. Guntun fukafuki ya wuce ta gefen wani yaro mai tallan koko da ya tsaya kallo. Bai taɓa shi ba, Allah ya kiyaye. Daga baya, a 2013, labari ya zo daga Brooklyn a Amurka cewa jirgin rimot ya kashe matashin da ke tuƙa shi, ɗan shekara 19, wanda ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Tun daga ranar ba na ɗaukar wannan abu a matsayin kayan wasa.

Wani lokaci ina ce wa kaina da ban yi wannan ɓarnar ba da ban fahimci kan farfela yadda na fahimce shi yau ba. Wataƙila haka ne. Amma yaron nan mai koko bai ci bashin ilimina ba.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari da yawa. Da na duba, ba su da yawa.

Idan ba ku iya tsayar da jirgi ta kowace fuska ba, gaba, baya, dama, hagu, ku bar robar da kamfani ya sa. Su suka gwada ta da nauyin jirgin da gudun farfelarsa. Ku ba ku gwada komai ba, bidiyo kuka kalla. Abin da ke ba ni haushi da yaran yanzu ke nan. Kuna da manhajar koyon tuƙi a kwamfuta, inda za ku faɗi sau nawa kuka ga dama ba ko sidi ɗaya, abin da mu ba mu samu da wuri ba, amma ba za ku iya zama a kanta rabin awa ba. Kuna so yau a saya, gobe a ɗauki hoto a sa a TikTok.

Kafin ku ce roba ta yi laushi, ku duba ko ta mutu ne. Zafin ƙasarmu da ƙurar hunturu suna busar da ita, ta tsage ko ta shafe. Ku kama riƙon fukafuki ku ɗaga sama da ƙasa. Idan sandar na lilo babu turjiya, ko tana zamewa gefe da gefe, to sabuwa take so mai lamba iri ɗaya, ko kuma 'yar washa siririya a ƙara ta matse. Kuma a canza gefe biyu tare.

Sai dai kuma dole in faɗi gaskiya, jirgin da nake tuƙawa yanzu damfarsa mai tauri ce. Jiragen zamani marasa sandar daidaito, masu na'ura irin VBar ko Microbeast, an ƙera su ne da kai mai tauri, don na'urar na so ta ga jikin jirgi ya bi farfela nan take. Idan ka sa musu roba lagwab za su yi ta jinkiri suna ƙoƙarin gyara kansu, kuma idan ka ja da ƙarfi fukafuki na iya lanƙwasowa ya sare bututun wutsiya a sama. Don haka laushi ma yana kashe jirgi. Na ce ku bar ta, yanzu kuma ina cewa wata rana za ku canza. Duka biyun gaskiya ne. Idan ranar ta zo, ku hau mataki ɗaya, daga 70 zuwa 80, kada ku yi tsalle zuwa Delrin. Ku ƙara gudun farfela, ku yarda batir zai ƙare da wuri. Kada ku taɓa wani abu dabam a wannan ranar, don ku san abin da ya kawo canjin. Idan ya fara gyaɗa kai, ku sauke, ku ƙara gudu ko ku koma tsohuwar. Kada ku zargi jairo.

Giris kuma na silikon ake shafa wa robar, ɗan kaɗan. Na ga masu ɗiga mata man inji ko bakin giris na mota, wanda ke kumbura wasu robobin ya narkar da su. Haka nan kai mai tauri ba ya ɓoye fukafukan da nauyinsu bai zo ɗaya ba, ko sandar da ta ɗan lanƙwashe. Duk girgizar za ta tafi kai tsaye cikin na'urar, ita kuma ta rikice. Ku mirgina sandar a kan gilashi kafin ku mayar da ita.

Mu da ke Aboabo da Asawase kuma kusa muke da filin jirgin sama. Hukumar kula da jiragen sama ta Gana tana da dokoki a kan jirage marasa matuƙi tun 2016, ku nemi sani kafin ku tashi komai. Ku fita bayan gari, ku sami fili babu kowa. Yara za su taru, ba makawa. Ku kore su baya da tsawa in ya kama, ko iyayensu za su ji haushi, kuma ranar gwajin sabuwar damfa kada farfela ta juya sai kowa yana bayanku.