Yadda na shiga rauta ta ƙofar siriyal

Rautar, wato na'urar da ke rarraba intanet, ƙarama ce. Tana kamawa, fitilarta na ƙiftawa, amma ba ta amsawa ta Wi-Fi ko ta kebul. Hanyar da ta rage ita ce siriyal, wato layin waya da ke aika rubutu kai tsaye zuwa kwamfuta, domin ta nan allon lantarkin rautar ke faɗin abin da yake ciki tun kafin ɓangaren sadarwa ya tashi.

Da na buɗe murfin, sai ga ramuka huɗu a jere ba tare da rubutu ba. Nan ne ainihin aikin, kuma ban yarda a yi shi da kintace ba. Na cire wuta, na ɗora tsinken mitar gwada wuta ɗaya a ƙarfen bakin USB, ɗayan ina taɓa ramukan har ta yi ƙara: GND ke nan, wato layin ƙasa (nagetif). Sannan na kunna. Rami ɗaya ya tsaya cak a bolt 3.3, wato VCC, layin wuta. Wani kuma yana rawa a daƙiƙun farko saboda allon na turo rubutu ta cikinsa, shi ne TX. Na ƙarshen RX, wanda allon ke karɓar rubutu ta cikinsa. Na liƙa fil uku da dalma.

Adaftar USB zuwa siriyal da na yi amfani da ita mai guntun CP2102 ce, a kan bolt 3.3. Tsohuwar tashar siriyal ta kwamfuta, wato RS-232, wutarta kan kai bolt 12, tana iya ƙona allon nan take. TX na adafta ya tafi RX na allo, RX ya tafi TX, GND da GND. VCC kuwa ban taɓa shi ba, rauta ta ci wutarta daga cajarta.

A kwamfuta mai Linux na buɗe /dev/ttyUSB0, sunan da adaftar ke fitowa da shi, da picocom, manhajar karanta siriyal, a gudun 115200. Idan ka ga haruffa a hargitse, yawanci gudun ne bai dace ba. Alluna da yawa masu guntun kamfanin Ralink a 57600 suke magana. Ni dai nawa ya fito tsaf: U-Boot, manhajar da ke fara tashi a allon, ya ƙirga RAM, ya ɗauko ƙwayar Linux (kernel), ya tsaya da saƙon cewa lissafin CRC, wanda ke gwada ko bayanai sun lalace, bai yi daidai ba. Ashe manhajar da ke filashi, wato ma'ajiyar allon, ce ta lalace, allon lafiyarsa lau. Na sake kunnawa, na danna maɓalli kafin ƙidayar U-Boot ta ƙare, na jawo OpenWrt, wata manhajar rauta, ta TFTP, hanyar tura fayil ta kebul ɗin sadarwa, na rubuta shi a adireshin da ya dace da wannan allon. Fil ɗin nan uku na bar su a liƙe, na mayar da murfi.